Gina wa kifi gida a ƙarƙashin ruwa

Yawancin kifi ba ya son zama a fili. Inda ƙasan teku yashi ne zalla, babu maɓoya, ba ka cika samun kifi ba sai mai wucewa. Shi ya sa masunta a Japan da Amurka suke nutsar da tubalan kankare masu ramuka: gansakuka da ƙananan halittu su manne, ƙananan kifaye su zo kiwo, manya su biyo su.

Aikin yana da ƙa'ida. A bar kankaren ya yi kwana 28 yana ƙarfi kafin a saka shi. Ramukan su bambanta, wani faɗin hannu, wani ya fi haka, kuma kowanne da mafita biyu don ruwa ya ratsa. A gwada ƙasan tukuna, domin laka tana haɗiye tubali. Tayar mota kuwa a guje ta. A shekarun 1970 an zuba tayoyi kusan miliyan 2 a tekun gaɓar Florida ta Amurka don yi wa kifi gida, ƙarfen da ya ɗaure su ya yi tsatsa, igiyar ruwa ta watsa su suna farfasa murjani, wato halittun da ke girma kamar dutse a ƙasan teku.

Mu a Zariya ba mu da teku, amma dabarar tana aiki a madatsar ruwa. Bulo mai rami, a cusa masa busassun rassa, a ɗaure da igiyar nailan, a sauke inda ruwa ba ya janyewa da rani. A ɗaure jarka a igiyar, ta tsaya a saman ruwa ta zama alamar wurin. A nemi izinin masu kula da madatsar da Sarkin Ruwa. Ƙugiya za a sa a wurin, domin rassan suna yaga raga. Kifin da ya taru wuri ɗaya yana saurin ƙarewa, saboda haka a mayar da ƙanana ruwa.