Laraba: yinin "may" da "an ce"

Laraba, bayan isha'i.

Yinin yau ya tafi a kan gyaran takardun masu koyon fassarar labarai daga Turanci. Jimla ɗaya aka ba kowa da safe: "The drug may reduce the risk of stroke." Mafi yawansu sun rubuta cewa maganin yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Hausar ta yi daɗi, amma fassarar ta ɓaci. Mai binciken bai ce yana ragewa ba, cewa ya yi mai yiwuwa ya rage. Kalma mai harafi 3, wato may, ta faɗi a hanya, zato ya koma tabbas, kuma da an karanta haka a rediyo da wani dattijo ya tafi kemis washegari.

Mataimakan aikatau na wannan rukuni a Turanci 9 ne: can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Abin da ke rikita mai koyo shi ne kusan kowannensu yana aiki biyu. Ɗaya na ba da izini ko ɗora wajibi, ɗaya na auna yadda mai magana ya amince da abin da yake faɗa. "You must leave" umurni ne, dole ka fita. "He must have left" ba umurni a ciki, ƙiyasi ne: takalmansa ba sa nan, to lalle ya fita. Gwajin da na ba su mai sauƙi ne. In have ya biyo bayan must, may ko might, sannan aikatau ya zo da siffarsa ta uku (kamar gone a jerin go, went, gone), kusan kullum ƙiyasi ake yi a kan abin da ya wuce, domin ba a umartar mutum ya yi abu jiya.

Should ya fi kowanne cin mutane. A makaranta an haddace mana shi da "ya kamata", shi ke nan. Amma "the parcel should arrive tomorrow" ba wa'azi ake yi wa kaya ba. Ana sa ran su iso gobe ne, in komai ya tafi daidai, kuma mai maganar ya bar wa kansa ƙofar fita. Haka "may not": "he may not come" na iya zama ƙila ba zai zo ba, na iya zama an hana shi zuwa. Jimlar ita kaɗai ba ta rabewa, sai an duba ta gabanta. A takardun doka kuma lissafin daban ne. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 cike yake da shall, kuma wanda ya fassara shi da "zai" ya mayar da wajibi labarin gobe.

Wata ɗaliba ta tambaya ko might ya fi may rauni. Littattafan nahawu suna cewa haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya, sai dai tazarar ba ta kai a gina hukunci a kanta ba. Turawan ma ba su daidaita kan nauyin irin waɗannan kalmomi ba. A 1951 wani rahoton leƙen asirin Amurka ya ce harin Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta a kan Yugoslabiya "serious possibility" ne. Da Sherman Kent na hukumar CIA ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da suka fahimta, sai ya ji wani na nufin yiwuwar harin kashi 20 ce cikin ɗari, wani kashi 80, alhali dukansu sun amince da rahoton. Gudun irin haka ne ya sa kwamitin IPCC mai nazarin sauyin yanayi ya ɗaure kalmominsa da lamba: likely daga kashi 66 zuwa sama, very likely daga 90, virtually certain daga 99. Mai fassara rahotonsu da ya zuba "wataƙila" a duk wuraren ukun ya zubar da ma'aunin gaba ɗaya.

Bayan azahar muka shiga jimlar da ke ɓoye mai aikatawa. Gininta a Turanci: karɓau ya dawo gaba, be ya biyo, sannan siffa ta uku ta aikatau, mai aikin kuma ko dai ya koma baya da by, ko a jefar da shi ɗungurungum. A nan Bahaushe ba baƙo ba ne. "An fasa tulu" muke cewa in ba ma so a san wa ya fasa, in kuma muna so mu wanke kowa sai mu ce tulu ya fashe. Shahararren misali na Ronald Reagan ne, shugaban Amurka na lokacin, a jawabinsa ga majalisa cikin Janairun 1987 kan badaƙalar sayar wa Iran makamai: "serious mistakes were made." An tafka kurakurai. Wa ya tafka? Jimlar ta yi shiru, kuma don ta yi shirun aka gina ta.

Sai dai ban yarda da masu cewa duk irin wannan jimla ha'inci ce ba. "The samples were heated for ten minutes" ba ta ɓoye kowa, don babu wanda ya damu da sunan mai kunna wuta. Tambayar da za a yi ita ce: in an dawo da mai aikin, wani abu zai sauya? In amsar a'a ce, a wuce. In dawo da shi zai ɗora wa wani alhaki, to an cire shi da gangan.

Inda abin ya fi santsi shi ne is said to, is believed to, is alleged to. Ɗan jarida na amfani da su don kada a kai shi kotu, kuma kowanne da nauyinsa: an ce, ana kyautata zaton, ana zargin. Mutum biyu sun fassara su duka da "wai". Na ja jan layi. "Wai" tamu ba ta tsaya ga nesanta mai magana ba, tana taɓe baki, tana nuna ba a gaskata ba. Baturen ya tsaya tsakiya, fassarar ta ɗauki ɓangare.

Akwai kuma masu jibga kariya, wato kalmomin sassauta da'awa, har maganar ta nutse: "it could be argued that this may possibly suggest." Mayafi 4 a kan da'awa ɗaya, ko 5 in an ƙirga ɓoye mai gardamar. Ɗaya ya isa. Amma kar a ɗauka taushin lafazi rashin tabbas ne kullum. Masana kimiyya Watson da Crick sun buɗe maƙalarsu ta 1953 a mujallar Nature kan siffar DNA da "we wish to suggest", ga shi kuwa sun san abin da ke hannunsu. Ladabin malamai ne, irin "a ɗan sanina" da babban malami kan faɗa kafin ya warware mas'ala.

Tsarin da na rubuta a allo don gobe: kafin a fara fassara, a zagaye kowane mataimakin aikatau da biro, a rubuta a gefe ko izini ne ko ƙiyasi. A ja layi ƙarƙashin duk be mai siffa ta uku, a nemi mai aikin. Bayan an gama, a ƙirga kariyar da ke cikin Turancin da wadda ta tsira a Hausar. Kanun labari a duba shi sau biyu, domin a nan ake yanke kalmomi don wuri ya isa, kuma "mai yiwuwa" ce ake fara yankewa.

Jimlar da na bar musu su kwana da ita: "The suspect may have been moved." Ba a san ko an ɗauke shi ba, ba a faɗi wa ya ɗauke shi ba, kuma fassarar kada ta wuce kalma 8.