Kafin ka sayi Hilux ko jif don jan kaya, leƙa ƙarƙashinta tukuna

Jama'a yawancin masu zuwa sayen babbar mota ta hannu a garin nan na Zariya fenti suke saye. Mutum zai zagaya mota sau uku, ya kunna esi, ya taɓa kujeru ya ji ledar na sheƙi, dillali na gefe yana ta "Alhaji wallahi Hajiya ce ta hau, makaranta kawai take kai yara", shikenan an gama ciniki. To in dai yawon Sabon Gari zuwa Samaru ne ba laifi. Amma in niyyarka ka ɗaura mata tirelar doki lokacin hawan sallah, ko ka ja tankin ruwa zuwa gona wajen Giwa, ko ka kwashi iyali da kaya ku tafi Yankari ta hanyar Pambeguwa, maganar daban ce.

Ba kowace jif ce jif ba. Highlander da ake ta rububi, ta farkon nan a kan ginin Camry aka yi ta, bodi da shasi abu ɗaya ne, mota ce mai daɗin zama amma ba don wahala aka ƙera ta ba. Hilux, Prado, 4Runner, su kam bodin ɗora shi aka yi a kan shasin ƙarfe mai zaman kansa, a nan ake ɗaure ƙugiyar ja, kuma shi ke shan nauyin. 4Runner mai injin V6 lita 4.0 kamfanin ya ce tana jan fam 5,000, wajen kilo 2,270 kenan, kuma wannan lissafin har da nauyin ita kanta tirelar, ba kayan ciki kaɗai ba, nan mutane ke ruɗewa.

Shasin nan shi nake so ka kwanta ƙasa ka duba, ko ka sa a hau da ita ramin gareji. Tokumbon da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka ta sha gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa na cin ƙarfen ta ciki, har Toyota da kanta ta taɓa sayen tsofaffin Tacoma daga hannun masu su a 2008 saboda wannan matsala. Ka riƙe ƙaramar guduma ka riƙa ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin na baya ya kama, lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokacin ma ɓawo ya zubo maka a fuska. In ka ga an shafe ƙarƙashin da baƙin fenti sabo fil yana ƙyalli alhali motar ta shekara goma sha, tambayi abin da ake ɓoyewa.

Sai giya. Jan kaya a zafin watan Afrilu giyar otomatik yake fara kashewa kafin inji, don man giyar ne ke tafasa. In tana da sandar dubawa zaro ka shinshina, ja-ja ya kamata ka gani, in ya yi baƙi yana warin ƙuna ka yi sallama da dillali cikin mutunci. Ka kuma sa giyar jan ƙafa huɗu a kan turɓaya ka ji ta shiga ta fita, da yawa an shekara ba a taɓa ta ba, ranar da ka kafe a taɓon damina za ka sani.

Ni dai Hilux ta 2005 zuwa 2015 mai fetur 2.7 nake ba mutane shawara, ba don ta fi ƙarfi ba, a hawa da kaya nishi take yi sosai, amma duk bakaniken da ka tsaya wajensa daga Kwangila har Tudun Wada ya san ta, kayanta kuma ba sai an aika Legas ba. Tundra mai V8 5.7 tana jan ninkin na 4Runner, kyakkyawa ce ba ƙarya, sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023 wanda ya saya yake ajiye ta a gida ya hau ƙaramar.

Tirelar ma in ta yi nauyi a nemi mai birkinta, a Turai doka ce da zarar ta wuce kilo 750. Takardun kwastan kuma ka haɗa lambar shasi mai haruffa 17 da ke cikinsu da wadda ke jikin motar harafi bayan harafi kafin ka tura ko sisi.