Buhun gawayi da langar Iya

A shekarar ƙarshe ta karatuna a sashen zane da sassaƙa, aka ce kowa ya kawo aikin da zai nuna asalinsa. Ban ɓata lokaci ba, na zana dokin hawan Sallah da mahayinsa cikin rawani, na kewaye su da dagin Arewa. Malaminmu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya yi kyau. Amma a gidanku akwai doki?" Ko jaki ba mu taɓa ɗaurewa ba. Mahaifina tela ne.

Malamin ne ya ce in je in nemi ayyukan mai fasahar nan Ibrahim Mahama, mutumin Tamale ta arewacin Gana, haifaffen 1987, wanda ya yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Da na fara ganin hotunan, wallahi sai da na yi tsaki: tsofaffin buhunan algarara ne aka haɗa da basilla, aka lulluɓe bango da su. A 2015 ya rufe dogayen katangu da su a babban baje kolin birnin Banis na Italiya. Na ce wannan ai a Dawanau za a samu lodinsa.

Sai da na bi tarihin buhun na yi shiru. A Indiya da Bangaladash ake saƙa shi, a shigo da shi Gana don zuba koko. In ya gama wannan aiki ya faɗa hannun masu masara da shinkafa, ƙarshensa wurin masu gawayi. Duk wanda ya riƙe shi sai ya bar alama: wani ya rubuta sunansa, wani ya yi faci, ga gumin ɗan dako, ga baƙin gawayi. Mahama yakan ba 'yan kasuwa sabo ya karɓi tsohon, ba ya goge komai. A 2024 ma da ya yi wa ginin Barbican na Landan lulluɓi da saƙi mai ruwan hoda, tsofaffin batakari, wato rigunan saƙi na arewacin Gana, kimanin 100 aka ɗinka a kai, waɗanda ya karɓo daga hannun iyalai da tsufansu da tabonsu.

Na ɗauka na gane. Na tafi gida hutu, na roƙi kakata, Iya, ta ara mini langunan jerenta, waɗanda aka kai ta ɗaki da su. Guda bakwai suka rage, duk sun ɓantare, furen jikinsu ya dusashe. Da daddare na zauna da toka da soson ƙarfe na dirje su tas, wai don su yi kyan gani a baje koli.

Da safe Iya ta ɗauki ƙaramar cikinsu ta kifa ta, ta shafa gindin da yatsa.

"Ɗan nan, ina jan da ke nan?"

Ashe ɗigo uku ne na jan fenti, mahaifiyarta ta sa mata don kada kwanonta ya ɓace cikin na kishiyoyi in an kai abinci gidan biki. Ni na zaci datti ne. Ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ajiyewa kawai ta yi, ta ce in kawo mata buta.

Da la'asar na koma na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini. Ki gaya mini labarin sauran." Na kunna waya na ajiye kusa da ita. Ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya: wadda ta lotse ranar da gobara ta tashi a ɗakin girki, wadda ta ɓoye kuɗin adashi a ciki shekara biyu ba wanda ya sani, wadda aka zuba wa mahaifina kunun farko bayan yaye. Mun kai magariba ba ta gama ba.

A nan na daina ɗaukar kaina mai zane kawai. Abin da ke cikin langar nan burushi ba zai iya fitar da shi ba, sai da murya, sai da hoton hannunta mai lalle, sai da kwanon kansa. Nan ma na fahimci abin da ya sa Mahama bai tsaya kan buhu ba, ya koma Tamale ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, ya kuma jawo tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa ya ajiye a wata cibiyar tasa mai suna Red Clay, yara suna shiga suna karatu.

Ranar baje kolinmu na jera langunan a kan tabarma, muryar Iya tana fita daga 'yar sifika a ƙarƙashin faifai. Ƙaramar na kifa ta, gindinta fari fes. Malaminmu ya tsuguna ya tambaye ni me ya sa wannan kaɗai ke kife, na gaya masa. Ya ce in rubuta a takarda in ajiye a gefenta, da sunana a ƙasa.