Hunhuna a adakar Inna

Kwana huɗu ana marka a ƙauyenmu kusa da Ringim, bangon ɗaki ya sha ruwa har gindi. Jiya na buɗe adakar Inna, wari ya buge ni. Hunhuna ta yi fari fat a takalmin Baba, atamfofi duk ɗigo-ɗigo.

Na ɗauko sabulu, Inna ta ce, "Ke dai kawo lemon tsami da gishiri." Muka goga a tabon, muka shanya tun hantsi. Adakar muka janye daga bango, muka ɗora kan bulo, ta sa gawayi a kwano da busasshen ganyen darbejiya ciki.

Wari ya tafi. Tabon atamfa ɗaya dai ya ƙi fita, kuma tawa ce, ta Sallah!