Kwata ta Ruwan Sama Ce: Kalmomin da Dokar Dagwalo Take Buƙata a Gusau

A daminar bara, cikin watan Agusta, duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi sai wani wari ya cika layinmu, irin warin da yake sa mutum ya rufe taga ko da zafi zai kashe shi. Mun daɗe muna ɗora laifin a kan bolar da ke bakin titi, har wata asuba da na fito masallaci da tocila na ga wani farin bututu da ya leƙo daga gindin katangar maƙwabcina yana tsiyayar da baƙin ruwa a cikin kwata. An toshe bakinsa da tsumma da leda, kuma ana cire toshiyar ne kawai idan hadari ya haɗu, domin ruwan sama ya kwashe abin ya yi gaba da shi kafin gari ya waye.

Maganar ta kai zauren mai unguwa. Maƙwabcin nawa, wanda dattijo ne da nake ganin girmansa, bai musa bututun ba. Cewa ya yi, "Allah shi daɗe da ranka, wanga ruwan wanka na da na wanke-wanke, kuma kowane gida cikin layin ga kwata yaka zuba nashi." Maginin da ya yi aikin kuwa ya ce bututun daga rami na biyu na sokawe ya fito. Aka shafe kusan sa'a guda ana ja, kowa yana cewa "ruwan datti", alhali kowa da abin da yake nufi. Mai unguwa ya rasa inda zai kama, saboda dattijon ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa: dukkanmu muna zuba wani irin ruwan datti a kwata. Tun daga ranar nake tunanin cewa dokar da ba ta raba waɗannan ruwaye da sunayensu ba, ba za ta hukunta kowa ba.

Alhakin wannan aiki ba a ɓoye yake ba. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina magudanan ruwa da kula da su, da samar da banɗakunan jama'a, da kwashe shara da ƙazantar bayan gida, da tsara mahautai, a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A matakin tarayya akwai hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara a 2009. A ƙasa kuma akwai duba-gari, wanda kakanninmu suka fi jin tsoronsa a kan ɗan sanda. Sai dai duk waɗannan takardu da Turanci aka rubuta su, kuma mai unguwa da magini da matar gida, waɗanda a hannunsu abin yake, da Hausa suke shawara.

Duk wanda ya taɓa duba dokar amfani da bututun dagwalo ta wani birni a Amurka ko Ingila zai ga cewa kafin a ambaci hani ko tara, ana cika shafuka da fassarar kalmomi. Da farko na ɗauka ƙaƙale ne irin na lauyoyi, amma zaman da muka yi a zaure ya sauya mini ra'ayi. Bambancin farko da suke kafawa shi ne tsakanin magudanar ruwan sama da bututun dagwalo. Ta farko aikinta ta kwashe ruwan da ya sauka daga indararo da kan titi ta kai shi rafi kai tsaye ba tare da an tace shi ba, domin ana ɗaukarsa a matsayin ruwa mai sauƙin datti. Na biyun rufaffe ne a ƙarƙashin ƙasa, yana ɗaukar abin da ya fito daga banɗaki da madafa zuwa matatar da za ta gyara shi kafin a sake shi. Tsofaffin birane irin su Landan sun haɗa biyun a hanya ɗaya lokacin da suka gina manyan magudanansu bayan warin da Kogin Tems ya yi a 1858, kuma har yau idan ruwa ya yi yawa sai ɗanyen dagwalo ya malala cikin kogi.

Mu a Gusau gidajenmu ba su haɗe da wani bututun ƙarƙashin ƙasa. A Najeriya sai wasu sassan Abuja da ke aika dagwalonsu matatar Wupa, da wasu rukunan gidaje a manyan birane. Abin da muke da shi a ƙofar gida, ko mu kira shi kwata ko lambatu ko magudana, na ruwan sama ne kawai, kuma duk abin da ya shiga cikinsa gangarawa yake yi zuwa Gulbin Sakkwato ko wani kududdufi a bayan gari. Wannan gulbin ne aka datse ake ba garin ruwan famfo, shi ne ya wuce ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Neja. Jumlar farko ta kowace doka da za a rubuta mana ya kamata ta faɗi wannan a fili.

Bayan hanya sai ruwan kansa. Ina ganin kalmar dagwalo ta dace ta zama uwar suna ga duk ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, sannan a raba shi gida uku. Akwai ruwan wanka da wanki da wanke-wanke, wanda sabulu da maiƙo da guntun abinci ne a cikinsa. Akwai ruwan masai, wato duk wanda ya taɓa bayan gida ko fitsari, har da na tsarki da na wankin ƙyallen jariri. Akwai kuma ruwan sana'a, na marina da majema da mahauta da garejin makanikai da wurin wankin mota da masu turara shinkafa. Na farko ƙazanta ce da ke haifar da sauro idan ta kwanta, kuma ramin kwatami mai duwatsu da murfi ya ishe ta. Na biyu shi ne mai ɗauke da kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki, kuma babu wani uzuri da zai sa ya shiga kwata, ko da rani ko da damina. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A nan ne nake ganin muna da wata gata da ba mu amfana da ita ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san babin tsarki, ya san najasa, ya san cewa ruwa yana fita daga tsarki idan najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, kuma ya ji hadisin da ya hana yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Da mai unguwa ya tambayi dattijon ko zai yarda ruwan bututun nan ya fallatsa wa rigarsa ya shiga salla da ita, da gardamar ta ƙare nan take. Abin da ya kamata a ƙara wa mutane shi ne cewa ma'aunin ido da hanci na ibada ne, bai isa ga lafiya ba, domin ruwan rijiya yana iya zama garau kamar hawaye alhali ƙwayar kwalara tana cikinsa.

Kalmar sokawe ma ta haɗiye abubuwa biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Na tsaya a kan na gidana ranar da aka ɗaga murfinsa, na ga yadda abin yake. Ramin farko shafaffe ne da siminti ciki da ƙasa, ba ya yoyo, kuma a cikinsa dagwalo yake kwanciya ya rabu hawa uku: tabo mai nauyi a ƙasa, ɓawon maiƙo da kumfa a sama, ruwa a tsakiya. Ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar iska suna cin tabon a hankali, su ne suke fitar da warin da ke hawa ta dogon bututun nan na bayan ɗaki. Ruwan tsakiyar ne kaɗai yake tsallakawa zuwa rami na biyu, wanda aka jera bulonsa da ƙofofi domin ƙasa ta shanye. Na farkon tankin kwantarwa ne, na biyun shi ne ramin tsotsewa. Ruwan da ya isa rami na biyu ya yi haske a ido amma cike yake da cuta, ƙasa ce take ƙarasa tace shi, shi ya sa ake shawartar a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsa da rijiya. Idan aka bar tabo ya cika tankin shekara da shekaru ba a kwashe ba, sai ya tsallaka ya liƙe ƙofofin rami na biyu, ƙasa ta daina sha, ruwa ya dawo banɗaki. Abin da ya faru a gidan maƙwabcina ke nan, kuma bututu zuwa kwata ya fi kiran mota araha.

Masu matatar dagwalo suna da wani ma'auni da suke taƙaita sunansa da BOD, wanda ni zan kira shi yunwar iska ta ruwa. Ana ɗibar dagwalo a kwalba, a rufe, a ajiye a duhu kwana 5 a zafin digiri 20, sannan a auna yawan iskar oksijin da bakteriya suka shanye wajen cin dattin da ke ciki. Ɗanyen dagwalon gida yakan nuna miligiram 200 zuwa 300 a kowace lita, alhali litar ruwan gulbi a zafi irin namu ba ta riƙe fiye da kamar miligiram 8 na iskar. Ke nan lita ɗaya ta dagwalo tana iya shanye numfashin lita 30 na ruwan gulbi, kuma idan rani ya yi, gulbi ya zama 'yan tafkuna a cikin yashi, kifi ne yake fara biya. Tun 1912 wani kwamiti a Ingila ya ba da shawarar kada ruwan da aka tace ya wuce miligiram 20 a lita a wannan ma'auni, kada kuma tarkacen da ke yawo a cikinsa ya wuce miligiram 30 a lita. Sauran ma'aunan sun fi sauƙin fahimta. Akwai na tsami da kaifi da ake kira pH, kuma ƙa'idar tarayya a Amurka ta hana zuba ruwan da ya gaza 5 a wannan ma'auni, wato mai tsami sosai, a bututu saboda yana cin siminti da ƙarfe.

Ruwan sana'a kuwa ƙa'idarsa ita ce mai shi ya fara tace shi a harabarsa kafin ya fita. Gidan abinci ya kafa tarkon maiƙo, wato ƙaramin akwati mai shamaki inda ruwa yake hucewa, mai ya taso a kwashe da ludayi. A 2017 an ciro dunƙulen kitse da ƙyallayen goge jiki mai nauyin kamar tan 130 daga bututun wata unguwa a gabashin Landan. Namu ba ya kai haka girma, amma duk wanda ya yashe kwatar da ke bayan masu suya ya san yadda mai yake kama yashi da leda ya zama kamar kwalta. Makanike ya tara baƙin mai a durom. Mahauci ya tare jini da kashin tumbi, waɗanda taki ne mai kyau idan ba su shiga ruwa ba. Abin dariya shi ne mahautar ma kwata muke ce mata, don haka mai rubuta doka sai ya zaɓi magudana ga ɗaya, mahauta ga ɗaya, in ba haka ba wata rana za a karanta cewa an hana kwata zuba jini a kwata. Sai ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba, waɗanda babu bakteriyar da ke cinye su. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan bayan abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400. Ruwan wankin irin wannan ƙasa dole a hana shi kusantar kowace magudana.

Wurin da nake ganin dokar za ta fi amfani shi ne maganar tabon masai, domin shi ne ainihin bututunmu, sai dai a kan taya yake tafiya. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009 na 2019 ya sa wa ƙasar 2025 a matsayin shekarar daina bayan gida a fili, aka yi ta kiran a gina masai, amma kowane masai yana cika. Doka ta fayyace wane ne mai izinin kwashewa, da wace irin mota, da inda zai juye. Mafi dacewa da zafinmu shi ne jerin tafkunan tacewa: na farko mai zurfi inda tabo yake kwanciya ya ruɓe, na biyu mai faɗi inda gansakuka take samar da iska ga bakteriya, na uku marar zurfi inda rana take kashe ragowar ƙwayoyin cuta. Ba ya buƙatar wutar lantarki, fili yake so da shinge da ma'aikaci mai cire ciyawa. Tabon da aka shanya ya daɗe yana bushewa yana komawa taki, kuma manoman bakin gari sun riga sun san darajarsa, sai dai ɗanye wasu suke karɓarsa su watsa a lambu.

A ƙarshen zaman namu mai unguwa ya sa aka cire bututun, aka liƙe ramin da siminti, mu huɗu muka haɗa wa dattijon kuɗin mota saboda fansho yake jira. Motar ta zo da hantsi, ta zura tiyo, ta yi ƙugi na kusan rabin sa'a har tankin ya koma fayau. Da direban yana naɗe tiyonsa na tambaye shi inda zai kai kayan. Ya goge hannunsa da tsumma, ya nuna yamma da haɓarsa, ya ce akwai wani mai gona a bakin fadama da ya riga ya yi masa waya tun jiya.