Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hukuncin da Ya Biyo Ni Zariya

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda na samu aikin raino a wata makarantar yara a Tudun Wada, aka miƙo min fom, na ci karo da tambayar ko kotu ta taɓa yanke min hukunci. Naɗe takardar na yi, na hau Keke Napep sai gidan Gwaggo a Ƙofar Doka.

Duk danginmu ita kaɗai ta san abin da ya same ni a Kaduna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, share hawayenki. Gobe za mu wajen lauya."

Lauyar 'yar ƙungiyar lauyoyi mata ce ta FIDA. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shago a Sabon Gari, fayiloli jibge a ƙasa an ɗaure su da zare. Tambayarta ta farko ita ce, "Ranar da aka kai ki kotun majistare, wa ya tambaye ki yadda aka yi kika shiga gidan nan?"

Babu wanda ya tambaya. Yaron Hajiyar da ta yaudare ni da aikin gidan abinci ne ya raɗa min cewa in amsa laifin karuwanci, a biya tara, mu tafi. Na amsa. Hajiya ta biya, ta ɗora kuɗin a kan bashin da take cewa tana bina, aka mayar da ni ɗakin da aka kamo ni.

Sai Barista ta buɗe dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ke aiki da ita, ta ɗora yatsa a sashe na 62. Sashen ya ce idan yanayi ya nuna haka, ba a tsare wanda aka yi safararsa ko gurfanar da shi kan laifin da ke da nasaba da safarar. Wallahi jikina ya mutu. Ashe dokar tana nan tun kafin a kama ni.

Ta ce hanya biyu ce. Ko mu roƙi afuwar gwamna, wadda sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon yi, ko mu nemi babbar kotu ta ƙara mana lokacin ɗaukaka ƙara, tunda wa'adin ya wuce tuntuni, kuma amsa laifin da na yi zai wahalar da mu. Ta ce a Amurka, jihar New York ta yi doka tun 2010 da ke ba irinmu damar neman kotu ta soke hukuncin.

Gwaggo ta fi son afuwa, don a yi abin cikin rufin asiri. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Wanda ya yi laifi ake yafe wa, ni kuma kulle ni aka yi, aka ƙwace wayata, aka sayar da mutuncina. So nake alƙali ya faɗa da bakinsa cewa zaluntata aka yi.

Barista ta ce to sai mun karɓo kwafin shari'ar daga Kaduna, kuma sai na ba NAPTIP cikakken bayani, har da sunan Hajiya. Matar nan kuwa ta san gidanmu, ta san Innata. Yadda muka kwashe da Inna a kan wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.