Matakala 533 a Kolon

Jama'a, har yanzu gwiwoyina ciwo suke. Jiya na hau hasumiyar babbar majami'ar Kolon a Jamus, matakala 533, siririya mai murɗewa kamar dodon koɗi. Da na kai rabi sai da na zauna ina haki, wata tsohuwa da sandarta ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba.

Kana fitowa daga tashar jirgin ƙasa ginin ne zai tare maka ido, baƙi ƙirin, tsayinsa mita 157. An aza harsashinsa a 1248, aiki ya tsaya shekaru aru-aru, sai 1880 aka kammala. Shekara 632 ke nan!

Cikin ne ya fi ɗaure min kai. Bango kusan babu, duk tagogin gilashi ne masu launi. Ashe nauyin rufin a kan bakan gizo masu tsini yake sauka, sannan wasu ginshiƙai daga waje suna tokare da ginin. Salon Gotik ke nan. Da yamma na leƙa majami'ar Gross St. Martin a bakin kogin Rayin, mai tsohon salon Romanes: bango mai kauri, bakan gizo zagayayye, 'yan tagogi, ciki duhu-duhu. Gaskiya ita ta fi kwanta min.

Ina kallon rufin Kolon sai na tuna bakan gizon da shahararren maginin nan Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya, da laka da azara. Na jima da ɗaga kai har wuyana ya sage.